Tambaya da Amsa: Shekara 14 Tsakanin Takarda da Majigi, Labarin "Mutumin Marmara" na Polan

Wasiƙun wannan fitowa duk sun kewaye abu ɗaya: yadda ake bin sawun fim a cikin takardu da gwangwanayen da aka bari bayan an gama shi. Domin kada magana ta watse, mun sa fim guda a gaba, wato Człowiek z marmuru na Andrzej Wajda (ana furta sunan "Vaida"), wanda za mu kira Mutumin Marmara. Mun taƙaita wasu wasiƙun.

TAMBAYA: Malam, an ba mu aikin nazarin wannan fim, na kalle shi sau uku. Malaminmu ya ce kallo bai isa ba, sai an koma ga takardun ajiya. Me takarda za ta gaya mini wanda fim ɗin da kansa bai faɗa ba? (Wata ɗaliba daga Zariya)

AMSA: Malama, malaminku ya yi gaskiya, kuma wannan fim ɗin ne ma ya fi dacewa a gwada maganar a kansa. Ga waɗanda ba su kalla ba, labarin wata ɗalibar fim ce mai suna Agnieszka, wadda Krystyna Janda ta fito a matsayinta. A shekarun 1970 take haɗa fim ɗin kammala karatu a kan wani birkila, Mateusz Birkut, wanda gwamnatin kwaminis ta ɗaga a farkon shekarun 1950 a matsayin gwarzon ma'aikata a Nowa Huta, sabon garin masana'antar ƙarfe da aka fara ginawa kusa da Krakow a 1949. An yi masa mutum-mutumi, aka liƙa hotonsa a bango, daga baya aka yar da shi kamar tsumma. Agnieszka ta iske mutum-mutumin a kwance a ɗakin ajiyar gidan tarihi, daga nan ta shiga neman mai shi.

Wanda ya kalli fim ɗin kawai zai ɗauka a 1976 aka yi tunaninsa. Takarda ta ce a'a. Aleksander Ścibor-Rylski ya rubuta labarin tun farkon shekarun 1960, har aka buga shi a jaridar mako-mako ta Kultura a 1963. Hukuma ta hana a ɗauka. Sai a 1976 ministan al'adu Józef Tejchma ya ba da izini, aka fara nuna shi ranar 25 ga Fabrairu, 1977. Ke nan akwai rubutu biyu na labari ɗaya, da shekaru goma sha uku a tsakaninsu, kuma aikinki na farko shi ne ki ajiye su gefe da gefe.

Abin da za ki fara lura da shi lissafin shekaru ne. A 1963, zamanin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, bai wuce shekara goma da ƙarewa ba, duk wanda zai shiga sinima ya gan shi da idonsa. A 1976 kuwa an sami sabon tashi, yara da aka haifa lokacin da ake ɗora Birkut a bango. Jerzy Radziwiłowicz, wanda ya fito a Birkut, a 1950 aka haife shi, Janda kuma a 1952. Saboda haka tambayar fim ɗin ta sauya daga "me muka yi?" zuwa "me iyayenmu suka ɓoye mana?" A ganinmu jinkirin nan da hukuma ta jawo shi ne ya ba fim ɗin haƙoransa, ko da yake ba don alheri ta yi ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. A Disamba 1970 sojoji da 'yan sanda sun buɗe wuta kan ma'aikatan da ke zanga-zanga a biranen gaɓar teku, ciki har da Gdansk da Gdynia. Rubutun 1963 ba shi da hanyar sanin wannan. A fim ɗin 1977 kuwa, neman da Agnieszka ke yi ya kai ta ƙofar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk, inda ɗan Birkut ya gaya mata mahaifinsa ya rasu. Ba a faɗi yadda ya mutu ba, amma ɗan Polan na lokacin ba ya bukatar a fassara masa. Duk inda kika ga rubutun farko da fim sun rabu, ki tsaya nan ki tambayi wa ya sauya, yaushe, kuma don me. A nan ne aikin ƙirƙira yake fitowa fili.

TAMBAYA: Waɗanne irin takardu ake nema, kuma a ina suke? (Wani mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: A zamanin kwaminis gwamnati ce ke ba da kuɗin kowane fim, shi ya sa kowane mataki ya bar takarda. Ka bi su yadda aka haife su.

Da farko akwai scenariusz, rubutun labari. Shi ake kai wa kwamitin duba rubutun fim, kuma akan rubuta abin da kowa ya faɗa a zaman. Bayan an amince sai darakta ya yi scenopis, wato rubutun ɗauka, inda aka yayyanka labarin ɗauka-ɗauka, da lamba, da wurin da kyamara za ta tsaya, da tsawon da ake hasashe. Sai rahoton kullum na wurin aiki: fitowa nawa aka ɗauka yau, sau nawa aka maimaita kowace, mita nawa na fim aka ci, me ya hana aiki. Sai lista montażowa, jerin da ke bayyana kowace ɗauka a fim ɗin da aka haɗa, da jerin maganganun 'yan wasa. Sai rubutun zaman kolaudacja, zaman da ake kallon fim a yanke masa hukunci kafin a sake shi. A gefe kuma akwai hotunan wurin aiki, gwajin 'yan wasa, zanen tufafi da na ɗakuna.

Kada ka raina rahoton kullum don ya yi kama da takardar akawu. Ɗanyen fim ɗin Kodak, wanda ake ɗaukar hoto a kansa, da kuɗin waje ake sayo shi, ana rabon sa da awo, na ORWO daga Jamus ta Gabas ya fi samuwa. Darakta ba shi da damar maimaita ɗauka yadda ya ga dama. Idan ka ga fitowar da aka maimaita sau takwas alhali saura sau biyu-biyu ne, ka san nan ne ya sha wuya, ko nan ne zuciyarsa take.

Wuraren ajiya huɗu ne manya. Filmoteka Narodowa a Warso, wadda aka kafa a 1955, aka haɗe ta da cibiyar kayan sauti da hoto a 2017 ta koma FINA, ita ke riƙe da gwangwanayen fim, rubuce-rubuce da bayanan zaman kwamitoci da yawa. Takardun Wajda na kansa suna gidan tarihin Manggha a Krakow, wanda shi ya assasa da kuɗin kyautar Kyoto da ya samu a 1987, aka buɗe a 1994. Takardun ofishin tace labarai da wasanni, wanda ke titin Mysia har aka rushe shi a 1990, suna Archiwum Akt Nowych, gidan ajiyar takardun gwamnati a Warso. Fayilolin 'yan sandan ciki kuma suna hannun IPN, cibiyar da ke binciken tarihin zamanin kwaminis.

Na Manggha sun fi daɗin dubawa. Wajda ya karanci zane a Krakow kafin ya tafi makarantar fim ta Łódź, kuma bai daina zane ba har ya rasu a 2016. Littattafan aljihunsa cike suke da zanen yadda yake son hoto ya tsaya. Idan ka sami zanen wata fitowa, ka ɗora shi kusa da hoton da ya fito a fim. Inda suka yi daidai, tun a ka aka gama shi. Inda suka saɓa, wani abu ya faru a wurin ɗauka: ko wurin bai ba da dama ba, ko mai ɗaukar hoto Edward Kłosiński ya kawo wata shawara, ko ɗan wasa ya yi abin da ya fi na takarda.

TAMBAYA: Na ji an ce an yanke ƙarshen fim ɗin. Ta yaya ake tabbatar da an yanke wani abu, tunda abin da aka yanke ba ya nan? (Wani edita daga Kano)

AMSA: Haka ne, ɗan'uwa. An ɗauki wata fitowa a maƙabarta inda Agnieszka ke neman kabarin Birkut ba ta samu ba, abin da ke nuni kai tsaye ga waɗanda aka kashe a 1970 aka binne a ɓoye. An cire ta kafin a saki fim ɗin. Ba ta ɓata ba, Wajda ya sa ta a Człowiek z żelaza, wato Mutumin Ƙarfe, wanda ya ci babbar kyautar Cannes a 1981. Wannan mai sauƙi ne domin abin da aka yanke ya sake bayyana. Inda bai bayyana ba, lissafi ake yi, kuma kai da kake edita za ka ji daɗinsa.

A fim mai faɗin milimita 35, kowane hoto yana cin milimita 19 na tsawo, kuma hotuna 24 ke wucewa a daƙiƙa. Ke nan milimita 456 a daƙiƙa, kusan mita 27 da rabi a minti. Gwangwanin mita 300 yana ɗaukar kamar minti 11. Takardun Polan da mita suke rubuta tsawon fim. Idan takardar ranar kolaudacja ta ba da wani tsawo, takardar izinin nunawa kuma ta ba da wanda ya gaza shi da mita 55, to minti biyu sun fita a tsakanin ranakun nan biyu. Sai ka ɗauko jerin ɗauka ka ga wace lamba ce ta yi tsalle.

Shaida ta biyu tana gefen nagatif, wato asalin fim ɗin da ake wanko kwafi daga gare shi. Kamfanin da ya ƙera ɗanyen fim ɗin yana buga lambobi a gefensa, ɗaya a kowace ƙafa, wato bayan kowane hoto 16. Idan ɗauka guda ce ba a taɓa ta ba, lambobin za su bi juna. Idan sun yi tsalle a tsakiyar ɗauka kuma ga tabon haɗi, an cire wani abu, har ma za ka iya ƙirga hotuna nawa.

Ta uku ita ce kunne. A kwafin da ake kai wa sinima, sauti yana gaban hotonsa da kamar hoto 20, saboda na'urar karanta sauti tana ƙasa da tagar haske. Idan a kan kwafin aka sa almakashi, hoto zai fara tsalle, sautin ya biyo baya da kusan daƙiƙa ɗaya. Idan kuwa yankan ya fita sumul, hoto da sauti tare, to a ɗakin haɗi aka yi shi aka sake gauraya sauti, ma'ana da hannun masu fim ɗin a ciki, ko da tilasta musu aka yi.

Ga tarkon da ke kama mutane da yawa. Talabijin ɗin Turai hotuna 25 yake gudu a daƙiƙa, ba 24 ba. Fim ɗin minti 150 a sinima zai koma minti 144 a kaset ko faifan DVD na Turai, ba tare da an taɓa ko hoto ɗaya ba. Kafin ka ce an tace minti shida, ka fara cire wannan kashi huɗu cikin ɗari.

TAMBAYA: Hotunan baƙi-da-fari da Agnieszka ke kallo a cikin fim ɗin, na gaske ne ko shiryawa aka yi? (Wani malamin makaranta daga Kumasi)

AMSA: Gauraye ne, kuma da gangan. Akwai guntayen labaran sinima na ainihi, irin na Polska Kronika Filmowa da ake nunawa kafin fim daga 1944 zuwa 1994, akwai kuma waɗanda aka shirya a 1976 aka yi musu kamannin tsufa. Hanya mafi sauri: duk inda fuskar Radziwiłowicz ta fito, sabo ne. Don sauran, labaran Kronika suna da lamba da shekara, FINA kuma ta sa da yawa a intanet, sai ka nemo asalin ka gwada. Abin lura shi ne inda aka fara yanka da inda aka tsaya, da ko an bar muryar mai sharhi ta asali.

Idan nagatif ne a hannunka, tsohon hoto yakan shigo a matsayin kwafin kwafi, don haka ya fi tsakuwa-tsakuwa, baƙinsa ya fi toshewa. Amma kada ka dogara da wannan kaɗai, domin masu fim kan tsufar da sabon hoto ta wannan hanyar. Alamomin shekara da Kodak ke bugawa a gefe, irin su da'ira da murabba'i da alwatika, su ma suna da nasu rikicin: a wancan zamani bayan shekara 20 suke maimaituwa, saboda haka alamar 1956 da ta 1976 iri ɗaya ce.

Wani abin da ya kamata ka tsayar da hoto ka karanta: a jerin sunayen fim ɗin farfagandar da aka ƙirƙira a ciki, an rubuta Andrzej Wajda a matsayin mataimakin darakta. Ya sa kansa cikin masu laifin ke nan, tunda shi ma a wancan zamani ya koyi sana'a.

TAMBAYA: Takardun gwamnatin da ke tace fina-finai, ai ba za a yarda da su ba. Ko kuwa? (Wata mai karatu daga Jos)

AMSA: A yarda da su, amma a san wa ke magana da wa. Zaman kolaudacja ya ƙunshi jami'an ma'aikata, 'yan jam'iyya, masu sharhi da daraktoci, kuma kowa ya san ana rubuta abin da yake faɗa. Abokin darakta zai iya cewa fim ɗin yana yabon ma'aikata ne, alhali ya san ba haka ba ne, don dai ya wuce. Wani kuma zai soki tsawon fim, ya ce kashi na ƙarshe yana jan ƙafa, nufinsa a cire abin da ba zai iya ambata da suna ba. Wanda ya karanta wannan a zahirinsa zai rubuta cewa an yanke fitowa saboda gundura.

Sannan umarni da yawa ta tarho aka ba da su, ko a ofis ƙofa a rufe. Rashin takarda ba ya nuna rashin matsi. Akwai kuma yankan da darakta ke yi da kansa tun kafin a tambaye shi, ya ba da akuya don ya tsira da saniya.

Tunanin da aka rubuta daga baya shi ma yana da nasa aibi. Tejchma ya ajiye littafin abin da ke faruwa kullum, an buga shi bayan faɗuwar kwaminisanci, Wajda kuma ya ba da labarin fim ɗin sau da dama a hira da rubutu. Dukansu shaidu ne masu daraja, amma kowa da inda yake tsaye, kuma labarin da aka maimaita shekara talatin yakan yi santsi fiye da yadda abin ya faru. Fayilolin 'yan sandan ciki sun fi kowanne bukatar taka-tsantsan, domin mai kai rahoto yakan ƙara gishiri don a ga yana aiki. Ƙa'idar da muke ba ɗalibai ita ce kada a rubuta "dalilin da ya sa" sai an sami shaida biyu da ba daga baki ɗaya suka fito ba, kuma aƙalla ɗaya ta kasance ta lokacin da abin ya faru.

Wani lokaci takardar zaman takan zama makami. Przesłuchanie na Ryszard Bugajski, wanda Janda ce jarumarsa, an zauna a kansa a Afrilu 1982, watanni kaɗan bayan kafa dokar soja ta 13 ga Disamba, 1981. Aka kulle shi. Rubutun zaman ya fita ta ɓarauniyar hanya, fim ɗin kuma ya yi ta yawo a kaset ɗin VHS, sai a 1989 aka sake shi, Janda ta ci kyautar 'yar wasa a Cannes a 1990. Irin waɗannan fina-finai 'yan Polan na yi musu laƙabi da półkownik, wasa da kalmar "kanta" da kalmar "kanar": fim ɗin da ya sami muƙami a kan kanta.

TAMBAYA: Me ke lalata fim a ajiya, kuma idan wani yanki ya ɓace gaba ɗaya yaya ake yi? (Wani mai ɗaukar hoto daga Damagaram)

AMSA: Zafi da laima. Fim ɗin da aka yi kafin farkon shekarun 1950 na naitiret ne, yana kama wuta, kuma ruwa ba ya kashe ta da sauƙi domin yana samar wa kansa iskar da yake ci, shi ya sa ake keɓe masa ɗaki. Na bayansa, har da na zamanin Mutumin Marmara, asitet ne. Ciwonsa shi ne ya fara fitar da asid, gwangwani ya riƙa warin binega, fim ɗin ya ƙanƙance ya lanƙwashe. Da ya fara ba ya komawa, kuma tururinsa na harbin na kusa da shi, don haka a ware shi nan take. Ana sa 'yar takardar gwaji a cikin gwangwani: shuɗiya lafiya, koriya an fara, rawaya abin ya yi nisa. Idan ƙanƙancewar ta kai kashi ɗaya cikin ɗari, kada a sa shi a majigi, haƙoran za su yage ramukan gefe.

Mai launi kuma rininsa ke gudu. Shuɗi-kore da rawaya kan riga tafiya, shi ya sa kwafin shekarun 1970 ke komawa ja-ja. Maganin duka ɗaya ne: sanyi na digiri 5 ko ƙasa, laima kashi 20 zuwa 30. In za a fito da shi, a bar shi kwana guda a ɗaki mai matsakaicin sanyi kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa ta kwanta masa. Kwafewa zuwa kwamfuta ba ta da arha: a 4K hoto ɗaya yana kai megabait 50, fim ɗin minti 90 yana da hotuna 129,600, ke nan sama da terabait shida.

Idan yanki ya ɓace, masu gyaran kirki ba sa ɓoye ramin. Przypadek na Krzysztof Kieślowski an yi shi a 1981, aka riƙe shi har 1987, aka sake shi da yanke-yanke. Da aka zo gyara an mayar da abin da aka samu, amma hoton wurin da 'yan sanda ke dukan jarumin bai samu ba, sautin kawai ya tsira. Sai aka bar sautin yana tafiya, aka rubuta a allo cewa nan an tace. Na srebrnym globie na Andrzej Żuławski kuwa, mataimakin ministan al'adu Janusz Wilhelmi ya tsayar da ɗaukarsa a 1977 bayan an ci kusan kashi huɗu cikin biyar. Da aka haɗa shi aka nuna a 1988, Żuławski ya cike guraben da hotunan titunan Polan, muryarsa na bayyana abin da ya kamata a gani a wurin.

TAMBAYA: Mu a nan, akwai fim ɗinmu da ajiya ta taɓa ceto? (Wani furodusa daga Kaduna)

AMSA: Akwai, Alhaji. Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976, shekarar da ake ɗaukar Mutumin Marmara, an daɗe ana ɗauka ya ɓata. A 2016 aka gano gwangwanayensa a ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finan Berlin a 2018.

Kai kuma da kake aiki yau, ga abin da za ka ajiye daga kowane fim: kowane kwafin rubutu da kwanan wata a kansa, har da wanda darakta ya yi wa gyara da biro, jadawalin ɗauka, ɗanyen hoton da ya fito daga kyamara ba wanda aka matse don YouTube ba, fayil ɗin edita, da takardar hukumar tace fina-finai mai nuna abin da aka ce a cire. Ka yi kwafi uku, ɗaya a wani gida dabam, kuma ka kwashe su zuwa sabon faifai duk bayan shekara huɗu ko biyar.